Kujerar kwali: me za a sa mata ta daɗe ba tare da an ɓata ta ba?

Maman Biyu
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan da na sayi ƙaramin tebur da kujeru biyu marasa jingina, duk na kwali, irin waɗanda cikinsu yake kamar saƙar zuma. Na saye su ne don ba su da nauyi, kuma an ce idan sun gama aiki takarda za su koma a sake sarrafa su. Wajen ƙarfi ba ni da ƙorafi, babban mutum yana zama a kai lafiya lau. Damuwata biyu ce. Ƙasan kujerun ya fara laushi inda ruwan gugar ɗaki yake taɓawa, saman teburin kuma ya yi tabon zagaye inda aka ajiye kofin ruwan sanyi. Da na tuntuɓi inda na saya sai suka turo mini jerin kayan kariya: takalman roba na ƙafa, leda mai mannewa, feshin hana ruwa, da faifan gilashi na saman tebur. Sai na tsaya ina tunani, idan na lulluɓe su da leda na feshe su da magani, ina amfanin da ya sa na zaɓi kwali tun farko? Masu sani ku ba ni shawara.

Tsohon Kafinta
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da ƙasa, shi ne mai gaggawa. Kwali ba ta fuska yake shan ruwa da sauri ba, ta bakin da aka yanka yake sha, kamar yadda lagwani yake jan mai. Da zarar ruwa ya shiga ramukan nan na ciki, hawa yake yi sama, gam ɗin da ya riƙe su ya saki. Ki samu siririn katako a yanka shi daidai faɗin gindin kujerar, a yi masa ɗan baki a gefe yadda kujerar za ta zauna a ciki ba ta zame ba. Kaurin yatsa ɗaya ya isa. Kada ki manna da gam, kada ki buga ƙusa. Ki bar shi yadda za ki ɗaga kujerar ki cire shi duk lokacin da kika so.

Ɗalibar Kimiyya
Gaskiya Baba ya faɗa, sai dai in ƙara cewa ba ruwan da ake gani kaɗai ba ne. Laimar da ke cikin iska ma tana shiga. A ɗakin gwaji, ƙarfin kwali ana auna shi ne a zafin digiri 23 da laima kashi 50 cikin 100. Idan laima ta hau zuwa kashi 90, kwalin yana iya rasa kusan rabin ƙarfin ɗaukar nauyinsa ko da ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Zaren takarda yana riƙe da junansa ne ta wani irin haɗi da ruwa yake sassautawa. Don haka Anti, nauyin da aka rubuta a jikin kujerar na lokacin da take a bushe ne. Ki nisanta ta da bangon da yake jiƙa, ki bar iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinta.

Mai Zanen Kaya
Ni dai ra'ayina ya bambanta, kuma zan faɗe shi kai tsaye. Hajiya ki shafe su da fenti mai hana ruwa ciki da waje, ki huta. Mutane suna yawan maganar ranar da za a zubar da abu, suna mantawa da shekarun da zai yi yana aiki. Kujerar da aka shafe ta yi shekara goma ta fi wadda aka bari tsirara ta lalace a shekara biyu, aka sayi wata, aka sake sayen wata. Kowace sabuwa itace ta ci, ruwa ta ci, wuta ta ci, mota ta ɗauko ta. Ku dubi cocin da Shigeru Ban, mai zanen gine-gine ɗan Japan, ya gina a Christchurch ta ƙasar Niyu Zilan bayan girgizar ƙasar 2011. An buɗe shi a 2013, manyan bututun kwali ne suke riƙe da rufinsa, kuma an tsara shi ya yi shekara 50. Da me ya kare su? Da shafin roba mai hana ruwa da maganin hana kama wuta. Mutumin da ya fi kowa sanin takarda a harkar gini bai ji kunyar shafa mata roba ba.

Ma'aikacin Injin Takarda
Malam, bari in faɗa maka abin da yake faruwa da kwalin da ka shafe idan ya iso wurinmu, don shekaruna a bakin injin nan suke. Tsohon kwali ana zuba shi ne cikin wata ƙatuwar tukunya mai ruwa, ƙasanta da fanka mai juyawa, ta yi ta dama shi har zaren ya rarrabu. Gam ɗin da ake haɗa kwali da shi a masana'anta na sitati ne, yana narkewa ya bi ruwa, ba ya ba mu wahala. Amma kwalin da aka shafe gaba da baya, ruwa ba ya samun hanyar shiga. Zai yi ta yawo a tukunyar a dunƙule, rariya ta tare shi, a kwashe shi tare da leda da waya da sauran tarkace. Zaren da ke ciki lafiyayye ne, amma ya tafi juji ko wurin ƙonawa.

Wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne gam mai danƙo, irin na salatif da na ledar mannewa da wanda ake narkawa da bindigar gam. Shi ba ya narkewa, ba ya kuma tsayawa a dunƙule. Farfashewa yake yi ƙanana ƙanana, ya wuce rariya, ya je ya manne a jikin injin busarwa, ya huda sabuwar takarda ko ya tsinka ta tana cikin gudu. Sai an tsayar da injin an wanke. Saboda haka Hajiya, cikin jerin da aka turo miki, ledar mannewar nan ita ce ta farko da zan ce ki soke.

Maman Biyu
Ikon Allah. Ita ce kuwa na fi karkata gare ta, don ita ce mai sauƙin sawa. Na gode Malam. To kakin zuma fa? Wata ƙawata ta ce tun da daga halitta yake babu matsala.

Ma'aikacin Injin Takarda
A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Kaki kaki ne a wurin inji, ko na zuma ko na man fetur. Akwatunan da ake jiƙawa da kaki don ɗaukar kaya masu ƙanƙara suna cikin abin da masana'antu suka daɗe suna ƙin karɓa. Kakin yana narkewa cikin ruwan ɗumi, ya bar tabo a sabuwar takarda, ya sa ta santsi ta ƙi kama gam. Bambancin na zuma shi ne idan aka binne kwalin zai ruɓe da shi. Ke nan kin rufe masa hanya ɗaya kin bar masa ɗaya. Ɗan shafi kaɗan a saman tebur ba zai kashe inji ba, amma a jiƙa kujera gaba ɗaya da shi, wannan kam a'a.

Mai Zanen Kaya
Na ji, kuma ban musa maka abin da ka gani da idonka ba. Amma har yanzu ba a amsa mini maganar shekaru ba.

Ɗalibar Kimiyya
Yaya, zan amsa maka da misalan mutumin da ka kawo. A 1995, bayan girgizar ƙasar Kobe a Japan, Shigeru Ban ya yi wa waɗanda suka rasa muhalli ƙananan ɗakuna da bututun takarda. Bai ɗora su a kan ƙasa ba. A kan akwatunan roba na kwalabe ya ɗora su, aka cika akwatunan da buhunan yashi, aka yi rufi da yadin tanti. Wato abin da Baba ya ce a yi wa kujera, shi aka yi wa ɗaki: a raba takarda da ƙasa da wani abu dabam wanda za a iya cirewa. Cocin kuwa gini ne da ɗaruruwan mutane suke shiga, doka ma ba za ta bar shi ba shafin wuta ba, kuma akwai katako a cikin bututun, rufin sama na roba ne mai ƙarfi. Ba daidai yake da kujerar cikin ɗaki ba.

Ga kuma Frank Gehry, wani fitaccen mai zanen gine-gine. Kujerunsa na kwali da suka fito a 1972, musamman mai lanƙwasar nan da kamfanin Vitra yake ƙerawa har yanzu, ba leda aka sa musu ba. An jera kwali ne falle a kan falle har ya yi kauri, sannan aka rufe gefe biyu da siririn katakon garin itace da aka matse. Inda duka yake sauka nan aka kare. Akwai na wancan lokacin da suke nan har yau a gidajen adana kayan tarihi. A ɗaya ɓangaren, a farkon shekarun 1960 wani Baturen Ingila mai suna Peter Murdoch ya yi kujerar yara ta takarda mai ɗige-ɗige, an shafe ta da roba, kuma tun farko an yi ta ne a kan mai arha ce, a yi amfani da ita a yar. Ka ga shafin roba ba shi ne yake kawo tsawon rai ba dole. Kauri, da tsari, da kare wurin da ya kamata su ne.

Mai Zanen Kaya
Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na karɓi ta Gehry, don ni ma na san gefen nan shi ne sirrin kujerar. Amma kada mu yi kamar katakon gefen nasa yana cirewa da hannu, shi ma manna shi aka yi. Abin da nake so a yarda da shi shi ne wani lokaci sai an sadaukar da kashi kaɗan na abu don a ceci sauran. Idan saman tebur kaɗai aka shafe, ranar da ya mutu a sa wuƙa a fere fallen saman a yar, sauran ya tafi inji.

Ma'aikacin Injin Takarda
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, in dai za a fere ɗin. Fuska ɗaya ma idan aka shafe da fentin da ake dama shi da ruwa, siriri, ruwa yana shiga ta baya ya kwance zaren. Abin da ba ma so shi ne a rufe ko'ina.

Baƙo A Zaure
Ku yi haƙuri in shigo da wata magana. Duk wannan wahalar ta mece ce? A sa mata katako a ƙasa, a sa mata gilashi a sama, a kare gefe, a nisanta ta da bango, a tsare ta daga gara da kyankyasai. Idan kujera sai an yi mata duk wannan kafin ta rayu, ai gara a sayi ta katako tun farko. Kujerar katako mai kyau jikoki ma suna gadonta. Ni ina ganin kamfanoni ne suke sayar muku da abu mai rauni, sannan su dawo su sayar muku da maganin rauninsa.

Tsohon Kafinta
Ɗana, ni da na ƙare rayuwata a kan katako ba zan ƙi maganarka ba. Wanda yake zaune wuri ɗaya, yana da halin sayen katako mai kyau, ya saya. Babu kwalin da zai kamo shi. Amma ba kowa ne yake zaune wuri ɗaya ba. Akwai ɗalibi mai sauya ɗaki duk shekara, akwai mai baje kolin kwana uku, akwai yaron da zai fi ƙarfin kujerarsa a shekara biyu. Waɗannan ba katako mai kyau suke saye ba, garin katako mai lulluɓin roba suke saye, wanda idan ya kumbura ba ya gyaruwa, ba ya kuma komawa komai. Da shi ya kamata a gwada kwali. Inda na yarda da kai shi ne idan kayan kariyar suka fi kujerar nauyi da tsawon rai, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Malamar Reno
Maganar gilashi ke nan a wurina. Muna da teburan kwali a ajin yara, kuma ban yarda a ɗora gilashi ba. Ban da haɗarin fashewa, narka gilashi sai an kai wuta wajen digiri 1,500, kuma irin mai taurin da ake sa wa tebur ba a haɗa shi da kwalabe wajen sake sarrafawa. Sai dai idan mutum yana da tsohon gilashi a ajiye, wannan dabam. Mu abin da muke yi, muna yanka wani fallen kwali daidai saman teburin mu ɗora. Yara su yi zane a kai, su zubar da ruwa, idan ya ƙazantu a ɗauke a sa wani. Akwatunan da aka kawo kaya a ciki muke yankawa. Shekara ta uku ke nan, teburan suna nan garau.

Maman Biyu
Wannan dabarar ta burge ni Malama, ban taɓa tunaninta ba. Saura feshin hana ruwan. Shi fa? Ba a ganinsa, ba ya canja kala.

Ɗalibar Kimiyya
Anti, shi na fi jin tsoro a cikin jerin duka. Yawancin feshin da aka daɗe ana sayarwa don korar ruwa da maiƙo suna ɗauke da dangin sinadaran da ake kira PFAS. Haɗin da ke jikinsu yana da taurin da ƙasa ba ta iya narkar da shi, shi ya sa ake ce musu sinadaran har abada. Suna taruwa a ruwa da jinin mutum. Denmak ta hana sa su a takardar da ake naɗe abinci tun watan Yulin 2020, Tarayyar Turai ma ta kafa musu iyaka a sabuwar dokarta ta kayan naɗi. Amma waɗannan dokokin ba su shafi gwangwanin feshin da mutum zai saya ya fesa wa kujera ba. Kuma idan kwalin ya shiga inji, sinadarin yana bin zaren ya shiga sabuwar takarda, idan aka binne shi ya shiga ƙasa. Ki karanta jikin gwangwanin. Idan ba a rubuta ƙarara cewa babu su ba, ki tambaya, idan aka yi miki kwana-kwana ki bar shi. Ga yara kuma da suke sa hannu a tebur su kai baki.

Mai Zanen Kaya
A kan wannan kam bakinmu ɗaya. Idan dole sai an shafa wani abu a sama, akwai ƙaron da wani ƙwaro yake fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, wanda masu gyaran tsofaffin kayan katako suke narkarwa cikin sifirit su shafa. Yana bushewa da wuri, yana taurara fuskar kwali. Iyakarsa dai ba ya jure abu mai zafi, kuma ruwa idan ya daɗe a kai yana barin farin tabo. Man da ake shafa wa katako kuwa kada a kusanta shi da kwali, jiƙa shi yake yi, tsumman da aka shafa shi da shi ma yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka ajiye.

Malamar Reno
Tun da an ambaci wuta, ina so in ji. An taɓa ba mu shawarar fesa ruwan boraks, wani farin garin sinadari da ake narkarwa a ruwa.

Ɗalibar Kimiyya
Yana rage kama wuta, yana kuma korar ƙwari, da dangin sinadarin ake haɗa dagargajajjiyar takardar da ake cusawa a bangon gidaje don tare sanyi. Amma tun 2010 Tarayyar Turai ta sa boraks da danginsa cikin jerin sinadaran da ake taka-tsantsan da su saboda illa ga haihuwa. A cikin bango babu mai taɓawa, a teburin yara kuwa ni ba zan sa ba Malama. Ga shi da ruwa ake fesa shi, ruwan kuma ya lanƙwasa kwalin. A nisanta teburin da kyandir da hita da soket ya fi.

Ma'aikacin Injin Takarda
Wani abu da ya kamata masu ƙera kayan nan su koya daga gare shi shi ne gadajen gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021. Gadaje 18,000 na kwali kamfanin Airweave ya yi, kowane yana ɗaukar kilo 200. Katifar ta zaren roba ce, gadon na kwali, ba a manna ɗaya da ɗaya ba. Da aka gama, kowanne yana da hanyar da zai bi. Katifar ita ce kariyar saman gadon, ba tare da ta ɓata shi ba. An sake amfani da irinsu a Faris a 2024. Ni a wurina roba ba ita ce laifi ba, manna ta da takarda shi ne laifi.

Maman Biyu
To ashe takalman robar ba su da matsala ke nan, tun da sawa ake yi a cire?

Tsohon Kafinta
Idan masu shiga ne kamar takalmi babu gam, babu laifi Hajiya, kuma za su yi wa kujera ta biyu da ta uku aiki. Ki dai duba ko suna tara ruwa a ciki. Wanda yake da zurfi kamar kofi, idan ruwa ya shiga ya fi rashinsa muni, don ƙafar za ta kwana a jiƙe.

Ɗalibar Kimiyya
Akwai kuma ɓawon itacen da ake yin toshiyar kwalba da shi. Kusan rabin wanda duniya take amfani da shi daga Fotugal yake fitowa. Ba a sare itacen, ɓawon ake ɓarewa duk shekara tara, bayan itacen ya kai wajen shekara 25. Ba ya shan ruwa sosai, ya dace da ƙarƙashin ƙafa da ƙarƙashin kofi. Abin lura, yawancin fallayen da ake sayarwa garinsa ne aka haɗa da gam ɗin roba. Baƙin nan mai kauri shi ne wanda ake dafawa da tururi ya manne da danƙon jikinsa. Shimfiɗar zama kuma, matsattsen ulun tumaki yana ruɓewa idan ya tsufa, na zaren kwalaben roba kuwa yana zubar da ƙananan ɓurɓushi duk lokacin da aka goge shi. Kuma a kula da robar da ake rubuta wa "mai ruɓewa", irin ta PLA da ake yi da sitatin tsiro. Sai a wurin yin taki na masana'anta, a zafin wajen digiri 58, take ruɓewa yadda ake faɗa. A cikin tukunyar Malam leda ce kamar kowace leda.

Baƙo A Zaure
Har yanzu ina kan bakana game da katako. Amma na ƙaru da maganar salatif, don ni nake liƙe kowane akwati da shi kafin in fitar.

Maman Biyu
Na dawo da bayani bayan kwana goma. Na sa an yanka mini katako biyu kamar yadda Baba ya ce, kujerun suna zaune a ciki daram. Saman teburin na ɗora fallen kwali irin na Malama, na sa faifan ɓawon itace biyu don kofuna. Ledar da feshin ban karɓa ba. Abin da ya rage, ƙasan kujera ɗaya da ya riga ya yi laushi bai dawo ba ko da ya bushe, tana ɗan karkata idan aka zauna. Akwai gyara ko ta tafi ke nan?

Tsohon Kafinta
Akwai gyara Hajiya. Inda ya jiƙe ya murƙushe ba zai sake miƙewa ba, kada ki ɓata lokaci a kansa. Ki kifa kujerar, ki auna daga sama zuwa inda kwalin yake da tauri, ki ja layi ya zagaye ta daidai. Ki sa sabuwar reza mai kaifi ki bi layin a hankali, sau uku ko huɗu, kada ki danna da ƙarfi ki ce sai a yanka ɗaya. Za ta ɗan gajarta, sai ki ƙara kaurin katakon ƙasa ya cike gurbin. Bakin da kika yanka ki rufe shi da takardar liƙi mai ruwan ƙasa, irin wadda ake jiƙa bayanta kafin ta kama, don gam ɗinta na sitati ne. Ki bar ta kwana ɗaya a inuwa inda iska take kaɗawa kafin kowa ya zauna.